WAKILIN KAMFANIN DILLANCIN GIDAJE A GABAN KOTUN HAYA

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya adalci ginshiƙin zaman duniya, ya sanya riƙon amana ma'aunin imanin bawa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu yi magana a kan wani mutum wanda ake ganinsa kullum a harabar kotu da fayil a hammata, amma ba kasafai ake tunawa da shi a majalisin wa'azi ba. Wannan mutum shi ne wakilin kamfanin dillancin gidaje, watau wanda kamfani yake turawa ya tsaya masa idan rigima ta tashi tsakanin mai gida da ɗan haya. Maganarsa ta shafi kusan duk mai karanta wannan fili. Attajirin da ya gina gidaje ya damƙa wa kamfani, da ɗan kasuwar da yake hayar rumfa ko shago, da ma'aikacin Gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki ya kama haya a garin da bai san kowa ba, da wanda ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a ginin ɗakuna huɗu domin ya riƙa cin abinci, dukansu wata rana suna iya samun kansu a gaban wannan wakili, ko kuwa a bayansa. Kalma guda daga bakinsa tana iya fitar da iyali zuwa titi, tana kuma iya salwantar da haƙƙin marayu. Saboda haka ya wajaba mu san abin da Shari'a ta ba shi, da abin da ta ɗora masa.

Asalin Al'amarin

A zamanin iyayenmu, baƙon da ya zo birni fatauci yakan sauka a gidan fatoma, ya ba shi masauki, ya haɗa shi da masu saye, ya ɗauki la'adarsa. Wanda yake da ɗakin da ba ya bukata yakan ba da shi aro, ko ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. In rigima ta tashi, mai unguwa ya isa ya kashe ta. In ta gagara sai a tafi gaban alƙali kowa ya faɗi ta bakinsa, domin a wancan lokaci doka ba ta bar lauya ya tsaya a kotun alƙali ba.

Al'amari ya sake bayan da aka yi jihohi 12 a 1967, aka mai da su 19 a 1976. Kowace sabuwar hedkwata ta cika da ma'aikata masu neman wurin zama. Ƙarin albashin Udoji na 1975 ya zuba kuɗi a hannun jama'a, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, har Gwamnatin soja ta ga ba makawa sai ta sa baki. A 1976 Jihar Legas ta yi dokar da ta kafa kotunan haya, waɗansu jihohi kuma suka bi sahu. Har yau akwai jihohin da suke da kotun haya ta musamman, kamar Kano, akwai kuma waɗanda kotunan da aka saba da su ne suke sauraron irin waɗannan ƙararraki. A ɓangaren sana'ar kuwa, masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye sun kafa ƙungiyarsu a 1969, sa'an nan dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa hukumar da take yi musu rajista, ko da yake akwai masu dillanci da yawa da suke aiki a wajen wannan rajista.

Da haka aka wayi gari mai gida bai san fuskar ɗan hayarsa ba, ɗan haya bai san ƙofar mai gida ba. Kamfani ne a tsakani: shi yake ba da maɓalli, shi yake karɓar kuɗi, shi yake rubuta notis, shi kuma yake kai ƙara. Kotun haya da dokar jiha take aiki, wannan gaskiya ne. Amma Musulmin da ya shiga cikinta bai tuɓe Musuluncinsa ya ajiye a bakin ƙofa ba. Dokar ƙasa tana binsa, Shari'ar Allah ma tana binsa.

Halaccin Wakilci

Wakilci halal ne, babu saɓani a kan asalinsa. Malamai sun kafa hujja da aya ta 19 a Suratul Kahfi, inda samarin kogo suka aiki ɗayansu da kuɗin azurfa ya sayo musu abinci. Sun kuma kafa hujja da hadisin Urwatul Bariƙi, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi dinari ya sayo masa akuya. Game da wakilci a husuma kuwa, an ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, ba ya son halartar husuma da kansa, saboda abin da yake cikinta na halaka. Sai ya wakilta ɗan'uwansa Aƙilu. Da Aƙilu ya manyanta, sai ya wakilta Abdullahi ɗan Ja'afar a zamanin Halifa Usmanu, ya kuma yarda cewa abin da aka hukunta wa wakilinsa ko aka hukunta a kansa, shi aka yi wa.

A mazhabarmu ta Imamu Malik, mutum yana da ikon ya wakilta wani ya yi masa husuma ko da abokin shari'arsa bai so ba. Imamu Abu Hanifa shi ne ya sharɗanta yardar abokin husuma, sai fa in mai wakiltawar marar lafiya ne ko matafiyi. To, ke nan attajirin da ya ce wa kamfani ya tsaya masa a kotu bai yi laifi ba, ma'aikacin da ya karɓi wannan aiki shi ma sana'arsa halal ce, kamar sauran sana'o'i. Abin dubawa shi ne iyakokin da aka gitta masa.

Iyakokin Wakili

Littattafan da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da su, irin su Muhtasar na Shaihu Halilu, da Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim mutumin Garnaɗa wanda ya rasu a shekara ta 829 ta Hijira, da sharhohinsu, sun yi wa wannan babi filla-filla.

Abu na farko, sai wakilcin ya tabbata a gaban alƙali kafin a saurari wakili. Faɗar baki cewa "ni ne mai kula da gidan" ba ta wadatarwa idan abokin shari'a ya musa. A nan dokar ƙasa ta yi daidai da fiƙihu. Dokar karɓar gidaje daga hannun 'yan haya da ake aiki da ita a Abuja ta bayyana wakili da cewa shi ne wanda mai gida ya saba sa shi ba da haya ko karɓar kuɗinta, ko kuwa wanda ya ba shi izini na musamman a rubuce da sa hannunsa. Kotuna kuma sun tabbatar cewa mai riƙe da takardar wakilci da sunan mai gida zai kai ƙara, domin haƙƙin na mai gida ne. Saboda haka wakili mai hankali ba ya fita ofis sai takardar izininsa tana saman fayil.

Abu na biyu, ba a wakilta mutum fiye da ɗaya a husuma guda, sai da yardar abokin shari'a, domin kada a taru a rikita shi, wannan ya faɗi magana yau, gobe wancan ya zo ya warware ta.

Abu na uku, wakili ba shi da ikon yin iƙirari a kan wanda ya wakilta shi, sai in an ba shi wannan iko a fili ko an sakar masa al'amari gaba ɗaya. Abokin shari'a kuma yana da damar ya ƙi yin husuma da wakilin da ba a ba shi ikon iƙirari ba, har sai an ba shi. Haka nan sulhu da yafe bashi: wakilin da aka ce ya karɓo haya bai mallaki ya yafe rabinta don ganin damarsa ba. Wannan mas'ala tana da amfani ƙwarai a aikace. Sau da yawa akan kai ga sulhu a kotu, sai wakili ya ce bari ya je ya tambayo, a ɗage zama, ya dawo ya ce mai gida ya yi tafiya. Da tun farko an rubuta masa iyakar abin da zai iya sassautawa, da an huta a zama guda.

Abu na huɗu, idan wakili ya zauna da abokin husuma a gaban alƙali kamar zama uku, to, mai gida ba shi da ikon tsige shi, shi ma ba shi da ikon janye jiki, sai da uzuri karɓaɓɓe kamar ciwo ko tafiya. Hikimar wannan a fili take: an toshe ƙofar jan shari'a, inda mutum zai ga hujja ta juya masa baya sai ya sake wakili domin a koma farko.

Abu na biyar, ba a wakilci a rantsuwa. Idan shari'a ta kai ga rantsuwa, wanda take kansa shi zai zo ya yi da bakinsa. A nan ne Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike. Yaya mutum zai rantse da Allah a kan cinikin da bai halarta ba, da kuɗin da bai ƙirga ba?

Abu na shida, an hana wakilta maƙiyi a kan maƙiyinsa. Idan ma'aikacin kamfani sun taɓa yin cacar baki da ɗan haya har ya ƙullace shi, wajibi ne shugaban kamfani ya tura wani, domin mai ƙullaci ba haƙƙi yake nema ba, huce haushi yake nema.

Abu na bakwai, wakilci yana warwarewa da mutuwar wanda ya wakilta, da zarar wakili ya sami labari. Gida ya zama na magada, sai an koma gare su an karɓi sabon izini. Amma a lura, ita hayar ba ta warwarewa. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya bayyana a Risala cewa mutuwar mazaunin gida ba ta rushe haya, haka kuma hukuncin yake a mazhaba idan mai gida ne ya rasu. Ke nan ba daidai ba ne a zo wa gwauruwa tana cikin takaba a ce ta kwashe kayanta, alhali kuwa mijinta ya biya shekara, saura wata bakwai.

Sharaɗin Da Ya Fi Kowanne Nauyi

Duk abin da muka lissafa a sama tsari ne na aiki. Akwai sharaɗi guda wanda shi ne ran al'amarin, watau kada wakili ya yi husuma a kan abin da ya san ƙarya ne. Malaman tafsiri sun kawo labarin wani mutum a Madina mai suna Ɗu'uma ɗan Ubairiƙ, wanda ya saci sulke ya kai ajiya gidan wani Bayahude. Da aka bi sawu, sai danginsa suka zo suna roƙon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kare ɗan'uwansu, laifi ya faɗa kan Bayahuden. Sai Allah ya saukar da ayoyi a Suratun Nisa'i, daga ta 105, yana hana Manzonsa ya zama mai jayayya domin kare maha'inta, yana kuma tambayar masu kare su a duniya ko wa zai kare su ranar alƙiyama. Ku duba, jama'a: wanda aka so a zalunta ba Musulmi ba ne, amma duk da haka sai da wahayi ya sauka domin a wanke shi. Imamu Ƙurɗubi ya ciro hukunci daga nan cewa bai halatta mutum ya tsaya wa wani a husuma ba sai ya san yana kan gaskiya.

Sa'an nan ga hadisin Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim su ma suka kawo shi. Ma'anarsa ita ce, wani cikin masu husuma yana iya fin wani iya tsara hujja, a hukunta masa bisa abin da aka ji, to, wanda aka yanka masa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, domin yankin wuta ne aka yanka masa. Idan hukuncin fiyayyen halitta bai mai da haram halal ba, ina ga hukuncin shugaban kotun haya?

Bari mu buga misali. A ce hayar gida N600,000 ce a shekara. Ɗan haya ya ba yaron kamfani N250,000 hannu da hannu, aka ce ya dawo gobe ya karɓi rasit, goben ba ta zo ba. Kuɗin sun shiga littafin kamfani, wakili ya gani da idonsa. Da aka je kotu, sai ya nemi N600,000 cif, saboda ya san ɗan hayan ba shi da takarda ba shi da shaida. Alƙali ba ya sanin gaibu, zai hukunta da abin da yake gabansa. To, N350,000 haƙƙi ne, N250,000 kuwa garwashi ne, wakili ya ɗebo, kamfani ya taya shi riƙo, mai gida ma ya sami rabonsa in ya sani ya yi shiru. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa wanda ya yi husuma a kan ɓata yana sane, ba zai gushe cikin fushin Allah ba har sai ya bari.

Wani zai ce, "Ni ɗan aike ne, abin da manaja ya ce shi nake yi." Muna amsa masa cewa ba a yi wa abin halitta biyayya a cikin saɓon Mahalicci. Hanyar kuɓuta ita ce wakili ya zauna da fayil tun kafin ranar zama, ya gwada littafin kuɗi da rasit da takardar yarjejeniya. Abin da ya ga ba shi da tushe ya gaya wa shugabansa a ofis, cikin ladabi, cewa ba zai iya faɗarsa a gaban alƙali ba. Wannan nasiha ce ga kamfanin kansa, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wakilin da alƙali ya taɓa kama shi da ƙarya sau ɗaya, gaskiyarsa ma sai ta riƙa neman shaida.

Rigingimun Da Aka Fi Kaiwa Kotu

Bayan bashin haya, babu abin da ya fi kawo husuma kamar kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna. A Shari'a, abin haya amana ne a hannun ɗan haya, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Fentin da ya kodɗe saboda daɗewa, da famfon da ya tsufa, da silin da ruwan sama ya ɓata, ba a ɗora masa su. Ƙofar da ya ɓalle, da tagar da 'ya'yansa suka fasa, da bangon da ya huda ba da izini ba, waɗannan yana biya. Kuɗin ajiya kuwa sunansu ajiya, nasa ne har sai an tabbatar da ɓarna an ƙiyasta ta, abin da ya saura a mayar masa. Wakilin da yake son ya fita kunya sai ya sa a rubuta halin da gida yake ciki ranar shiga, a ɗauki hoto, kowa ya sa hannu, a sake yin haka ranar fita. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rabin shari'un haya da ba a yi su ba in da an bi ta.

Sai maganar gyara. Abin da ya shahara a mazhaba shi ne ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara. Amma idan aibi mai cutarwa ya auku, kamar yoyon rufi, ɗan haya yana da zaɓi: ko ya warware hayar ya fita, a mayar masa da kuɗin kwanakin da bai zauna ba, ko ya zauna ya biya haya cikakkiya. Idan kuwa gidan ya rushe, haya ta warware a abin da ya saura. In akwai sharaɗi a rubuce cewa mai gida zai yi gyara, to, sharaɗi abin cikawa ne. Bai kamata wakili ya ɓoye wa kotu wasiƙun da ɗan haya ya riƙa aikowa yana kukan yoyo ba.

Sai maganar notis. A dokar Abuja da muka ambata, idan babu wani wa'adi dabam a yarjejeniya, mai biya mako-mako ana ba shi mako guda, mai biya wata-wata wata guda, mai biya duk wata uku a ba shi wata uku, mai biya shekara-shekara kuwa wata shida. Idan wa'adi ya cika bai fita ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana 7, ta sanarwa cewa mai gida zai je kotu neman gidansa. Dokokin jihohi suna kama da wannan, da 'yan bambance-bambance, wajibi ne wakili ya san ta jiharsa. Ƙararraki da yawa sun faɗi saboda kuskure a wannan takarda, ko da yake a 2021 Kotun Ƙoli, a wata shari'a daga Legas, ta nuna rashin jin daɗinta da 'yan hayan da suke fakewa da irin wannan kuskure su shekara da shekaru a gidan mutane. Abin da muke tsoratarwa a kansa shi ne mai da kwanan wata baya, da cewa an kai sammaci alhali ba a kai ba, domin a yi hukunci a bayan idon mutum. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura Sayyidina Aliyu Yaman, ya umurce shi kada ya yi hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta na farko. Wanda ya yi dabarar da ta hana alƙali jin na biyun, shi ya ɗauki alhakin hukuncin.

Haka nan kware rufi, da garƙame ƙofa, da yanke wuta da ruwa, da ɗauko 'yan daba su watsar da kaya, duk zalunci ne a Shari'a, laifi ne a doka. Ma'aikatan kotu ne kaɗai suke fitar da mutum, bayan hukunci. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa Gwamnatin Jihar Legas kanta, saboda ta fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin tsiya alhali magana tana gaban kotu. Abin da aka hana Gwamna, ba dillali ne za a bar wa ba.

Shaida Da Ladabin Zama

Wakili ba shaida ba ne. A fiƙihunmu ba a karɓar shaidar abokin husuma, ko wanda ake tuhuma, ko wanda yake jawo wa kansa amfani da shaidarsa, kuma wanda la'adarsa take rataye da hukunci ya shiga cikin wannan. Kotun haya tana iya barinsa ya ba da bayani bisa dokarta. In haka ta faru, sai ya rarrabe abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, kada ya haɗa su ya rantse a kai. Ya zo a kan lokaci, takardunsa a jere, ya yi magana a taƙaice, kada ya katse abokin shari'a, kada ya tona asirin iyalin mutum wanda bai shafi ƙara ba. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa mafi ƙin mutane a wurin Allah shi ne mai tsananin husuma. Bin haƙƙi dabam, son kunyata mutum dabam.

Amanar Mai Gida

Kada wani ya fahimci cewa muna kiran wakili ya yi sanyin jiki da haƙƙin wanda ya wakilta shi. Ba kowane mai gida ne attajiri ba. Sau da yawa gidan haya shi ne abin da mamaci ya bar wa marayunsa, da shi suke ci, da shi ake biya musu kuɗin makaranta. Wakilin da ya karɓi na goro a hannun ɗan haya domin ya riƙa ƙin zuwa kotu, ko ya bar ƙara ta lalace da gangan, ya ci amana, abin da ya karɓa kuma rashawa ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin da ya karɓo a kotu ya kai su ga mai su ba da jinkiri ba, kada ya juya su a kasuwa da sunan zai mayar. Idan an umurce shi ya biya wani, kamar magini ko ɗaya daga cikin magada, ya kafa shaida ko ya karɓi takarda, domin a mazhaba in wancan ya musa, wakili ne zai biya. Ladan aikinsa kuma a yanke shi tun farko, kowa ya sani. An ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi a yi jinga a kan husuma bisa sharaɗin ba lada sai an ci nasara, an kuma ruwaito ya halatta. Abin da ya fi kuɓutarwa shi ne lada sananne a kan aiki sananne, domin wanda cinsa yake rataye da nasara, jarrabawarsa tana da girma.

Ɗan haya shi ma ya ji tsoron Allah. Hadisi ya tabbata cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Wanda yake da kuɗin sake mota amma ba shi da kuɗin haya, ya kuma dogara da ɗage-ɗagen kotu ya zauna kyauta, haram yake ci, a cikin haram yake kwana.

Sulhu

Wanda yake cikin ƙunci na gaskiya kuwa, kamar ma'aikacin da albashinsa ya makale ko ɗan kasuwar da gobara ta cinye rumfarsa, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umurni a saurara wa matalauci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Wannan game da bashin da ya taru ne, ba ta hana mai gida karɓar gidansa idan wa'adi ya cika ba. A nan wakili nagari yake da babban aiki, domin shi ne ya san halin ɓangarorin biyu. Ya kai wa mai gida labari na gaskiya, ya nemo izinin a raba biya kashi-kashi, ko a ba da wata biyu na neman wani wuri. Ka'abu ɗan Malik ya taɓa bin Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ka'abu nuni ya sauke rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Sulhun da aka rubuta aka kai gaban alƙali ya tabbatar, ya fi hukuncin da za a shekara ana ɗaukaka ƙara a kansa.

Muna kira ga masu gidaje su zaɓi wakili saboda amanarsa kafin kaifin bakinsa, su rubuta masa iyakarsa, su kuma riƙa tambayar abin da ake faɗa da sunansu, domin abin da wakili ya yi da izininsu su suka yi. Muna kira ga shugabannin kamfanoni su koya wa yaransu babin wakilci da na haya kamar yadda suke koya musu dokar jiha. Shi kuwa wakili, ya tuna akwai wani zama a gaba wanda ba a ɗage shi, ba a tura wani, harshe ma a rufe shi ake yi gaɓoɓi su yi magana.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.